Awa Ɗayar da Ta Raba Malam Isyaku da Aikinsa

Na daɗe ina juya maganar nan a raina kafin na ɗauki biro. Sau uku ina farawa ina yage takardar. Karon farko na ce wa zai karanta rubutun mutumin da ya tsaya a aji shida na firamare. Karo na biyu matata ta ce in na rubuta, masu ba ni aiki za su daina kirana. Karo na uku ni da kaina na tsorata, kada in rubuta wani abu ba daidai ba in ɗora wa wani laifin da bai yi ba, don na taɓa yin haka sau ɗaya. Yanzu na yanke shawara. Zan rubuta, wanda zai daina kirana ya daina.

Sunana Lawali, haifaffen Bungudu, mazaunin Gusau. Sana'ata gyaran intanet na ofisoshi da makarantu da shagunan kwamfuta. Abin da ya tunzura ni kuwa, wasu samari ne masu gyaran waya da ke kusa da shagona. Ina wucewa da jakata sai ɗayansu ya ce wai aikin Baba Lawali ai kashewa ne da kunnawa, ko akuya aka koya wa za ta iya. Suka yi dariya, ni ma na yi, don ba na son rigima a bakin hanya. Amma amsarsu ce wannan.

Akwatin da ke raba intanet ga kwamfutoci, wanda muke kira rauta, yana da wani littafi a cikinsa da yake rubutawa da kansa. Mu muna ce masa log. Duk abin da ya same shi yana rubutawa layi-layi, kowane layi da lokacinsa: waya ta kama, waya ta saki, wani ya shigo, wuta ta ɗauke. Mai kashewa da kunnawa bai gyara komai ba. Sau da yawa ma shafe wannan rubutun yake yi, gobe cutar ta dawo, kuma babu sauran shaida. Ni aikina in karanta kafin in taɓa.

Wurin Oga Sanusi na koya, Allah ya jiƙansa. Shekara biyu ina ɗaukar masa tsani ina ja masa waya a cikin silin kafin ya bar ni na zauna gaban allon kwamfuta. Ranar da ya zaunar da ni na gaya masa gaskiya cewa Turancina bai kai ba. Ya ce Turancin rauta ba na gwamna ba ne, kalmomi ne 'yan kaɗan take maimaitawa kamar mai tallan kunu. Ya sa na sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kowace kalma na gani sai in kwafe ta harafi-harafi, in rubuta ma'anarta da Hausa a gefe. Tambaya uku ya ce in riƙa yi wa kowane layi: yaushe aka rubuta shi, wace ƙofa ce ta akwatin, wato ramin da ake soka waya, ke magana, kuma me ya gabace shi. Ya ce layin da ya fi yawan maimaituwa yawanci kuka kawai yake yi, in hau sama in nemo wanda ya fara. Sannan ya kafa mini doka ɗaya da ya fi nanatawa.

"Log na faɗin abin da ya samu akwati. Ba shi faɗin sunan mutum. Kada ka ƙara mai abin da bai ce ba."

Kayan aikina ba su da yawa har yau. Tsohuwar kwamfutar cinya, waya shuɗiya guda, filayar matse kan waya, mitar awon wuta, littafi, da biro biyu don kada ɗaya ya ƙare ina tsakar kwafi. Ina da ɗabi'ar da abokan sana'a ke yi mini ba'a a kanta: ko'ina na je aiki, abu na farko da nake rubutawa shi ne lokacin da na iso, da agogon hannuna. Ina kulle shago in dawo in taɓa kwaɗon sau biyu. Haka Allah ya yi ni, ban kuma ga asararsa ba.

Akwai wani aiki da na yi a wata makaranta mai zaman kanta a Bungudu. Kwamfutocinsu duka sun tsaya cak, fitilun akwatin da ke haɗa su suna ta ƙyaftawa gaba ɗaya kamar an tsokano su. Wani mai digiri ya riga ni zuwa, ya ce akwatin ya mutu, a sayo sabo daga Kano. Na buɗe log, na ga layi ɗaya ya cika shafi: ana ganin kwamfuta guda a ƙofa ta biyar, ana kuma ganinta a ƙofa ta takwas. Abu ɗaya ba ya zama wuri biyu. Na durƙusa na bi wayar ƙofa ta biyar da hannu ta bayan tebur, sai ga ta ta zagayo ta shiga ƙofa ta takwas. Wani ne ya ga kan waya a ƙasa, ya zaci faɗuwa ta yi, ya soka ta inda ya ga rami. Na zare, komai ya tashi. Shugaban makarantar ya matsa in faɗi wanda ya yi. Na ce waya ce na gani, ban ga hannu ba. Ran nan na riƙe dokar Oga Sanusi.

A Tsafe na karya ta.

Wani ɗan kasuwar hatsi, Alhaji Bala, yana da cibiyar kwamfuta a can, inda ɗalibai da masu neman aiki ke zuwa cike fom ta intanet. Da sola take aiki. Wata shekara a farkon damina tsawa ta ƙona musu rauta, ni na je na kafa sabuwa, cikin sauri, hadari na haɗowa, ina son in kama mota kafin yamma ta yi mini a hanyar Gusau. Bayan wasu makonni Alhaji ya kira ni yana faɗa. Kullum intanet sai ya yanke na 'yan mintoci, yaro ya kusa gama fom komai ya goge, wasu daga ƙauyuka masu nisa suka zo, kuma ranar rufe karɓar fom na matsowa.

Maigadin cibiyar Malam Isyaku ne, dattijo dogo mai ɗingishi da ƙafar hagu, kullum da ƙaramar rediyo rataye a wuyansa. Manomi ne a da, daga wani ƙauye a yammacin Tsafe. Mun saba. In ya gan ni na sauko daga babur sai ya ce ga likitan aljanu ya iso, wai don ina magana da akwati. Ni kuma in ce masa ai aljanun sun fi maigadinsu tashi da wuri. Ba na barin wurin bai cusa mini dafaffiyar gyaɗa a aljihu ba.

Na isa da hantsi, na rubuta lokacin isowata, na tambayi akawun cibiyar, Murtala, yaushe abin ke faruwa. Ya ce bayan azahar dai. Na tambayi wasu, kowa da lokacin da ya faɗa. Na ce su bari, akwatin ya fi su riƙe lokaci. Na zauna na kwafe layukan mako uku a littafina. Kullum layi ɗaya ne: an tashe ni ba tare da an kashe ni yadda ya kamata ba, da alama wuta ce ta ɗauke. Lokacin kuma wajen ƙarfe uku saura kwata na rana, ko sama da haka kaɗan. Ban tsaya na gani da idona ba, don a kwanakin nan mai hankali ba ya barin la'asar ta same shi a wannan hanya.

Alhaji ya zo daga rumbunansa, ya ce shi bai kira ni in karanta masa Turanci ba, so yake ya ji wa ke yi masa haka. Abin da log ya ce, wuta ta ɗauke. Abin da ya fito daga bakina kuwa, na ce kullum ƙarfe uku saura kwata ake cire wa akwatin wuta. Na sa hannun mutum inda babu. Murtala ya ce a wannan lokacin Malam Isyaku ne ke shiga ɗakin, don ya fi sanyi, can yake cin abincinsa, yana kuma soka wa mutanen ƙauye wayoyinsu a caji. Wannan gaskiya ne, yana yi, kyauta yake yi.

Aka kira shi. Ya ce shi soket ɗin da babu komai a kansa yake amfani da shi, bai taɓa cire wayar kowa ba. Ya ƙara da cewa shi dai abin da ya sani, yana wajen alwalar la'asar yake jin yaran suna salati cewa ya sake gogewa. Alhaji ya dube ni. Na ce la'asar ba uku saura kwata ba ce, kuma akwati ba ya ƙarya. Malam Isyaku ya matso kusa da ni.

"Lawali, dube ni. Ka gane ni da idonka na cire?"

"Ban gani ba, Malam. Amma an rubuta."

"To, wanga akwati naka, ya ce Isyaku?"

Na mayar da idona kan littafina. Alhaji ya ce ya isa, ya kwashe tabarmarsa. Mutanen da ke layi duk suna ji, har wani ya ce ashe tsohon ne ke cutar yara. Malam Isyaku ya naɗe tabarma, ya ɗauki butarsa, ya ce mini ya bar ni da littafina. Ran nan babu gyaɗa.

Na yi alkawarin komawa mako mai zuwa in duba. Ban samu komawa ba, don kwanaki kaɗan bayan haka aka rufe layukan sadarwa a jiharmu gaba ɗaya saboda matsalar tsaro. Duk wanda ya zauna a Zamfara a lokacin ya san yadda aka yi. Mai son yin waya sai ya shiga mota ya nufi Funtua. Mai gyaran intanet a garin da babu intanet ba shi da abin yi. Cibiyar Alhaji ta rufe, ni ma na rufe shago na koma Bungudu ina taya yayana girbin gero. Hannun da ya saba da filaya ya yi kanta cikin mako guda. A duk shekarun da na yi a sana'a ban ga wadda ta kai wannan muni ba.

Ban iya zama haka kawai ba. In mun huta da rana sai in ɗauko littattafaina in yi ta bin tsofaffin ayyuka, ko na bar wani abu a baya. Yayana yana cewa wanda ya gan ni sai ya ce wasiyya nake karantawa. Wata rana na buɗe shafin Tsafe, na jera lokutan da yatsa daga sama zuwa ƙasa. A makon farko ƙarfe biyu da minti hamsin da wani abu ne. A na biyu ya ragu kaɗan. A na uku ya sake raguwa. Yana matsowa baya minti-minti, bai taɓa tsallake ba. Na ce a raina yunwar mutum ba ta tafiya haka. Wanda ke shiga cin abinci yau zai makara, gobe ya yi sammako. Abin da ke matsawa a hankali da wannan tsari, rana yake bi.

Ina cikin haka ladanin unguwarmu ya kira la'asar. Na dubi agogona, na tuna maganar alwala. Na koma kan shafin da sauri. Da hannuna na rubuta cewa na iso ƙarfe goma sha ɗaya da minti goma. Ƙasa da shi, layin da na kwafa inda akwatin ya rubuta shigata cikinsa ta kwamfutata, ƙarfe goma da minti ashirin ya ce. Ba yadda za a yi in shiga akwati kafin in iso garin. Agogonsa yana bayan namu da awa ɗaya. Haka suke fitowa daga kamfani, sai mai kafawa ya gaya musu ƙasar da suke. Mai kafawar ni ne, ranar da nake gudun hadari, kuma ban saita ba. Uku saura kwatan da na rantse a kansa huɗu saura kwata ne. Shaidar tana cikin littafina tun ranar da aka kori mutumin, shafi ɗaya, tazarar yatsa uku.

Da aka buɗe layuka, Tsafe na fara zuwa. Murtala ya ce ko bayan tafiyar Malam Isyaku abin ya sake faruwa, amma kafin su kira ni aka rufe komai. Wannan karon na ce ko dare zai yi mini a hanya sai na ga la'asar a ɗakin nan. Na aika aka kira Alhaji, na zaunar da shi gaban akwatin, na ce ya dubi fitilun kawai. Can sai muka ji ladanin masallacin da ke bayan cibiyar ya hura lasifika sau biyu. Kafin ya gama kabbarar farko fitilun suka mutu gaba ɗaya, sannan suka fara dawowa ɗaya-ɗaya. Na leƙa bayan baturan, sai ga wata baƙar waya ta fita ta taga ta bi katanga ta shiga masallaci. Alhaji da kansa ya sa aka ja ta a farkon damina, sadaka, don kiran salla ya daina tsayawa in babu wuta. Da azahar rana na da ƙarfi, sola na ɗaukar kowa. Da la'asar, ga gajimare, ga kwamfutoci sun tsotse batura tun safe, ana kunna na'urar lasifika wutar ke faɗuwa. Da magariba kuma an riga an rufe cibiya.

Alhaji ya ce in gyara in rufe bakina. Ya ce in maganar ta fita za a ce yana ƙorafi da masallaci, ni kuma za a ce ɗan firamare ya kasa karanta agogo, ba wanda zai sake ba ni aiki daga nan har Gusau.

Na ce, "Alhaji, gaban mutane anka kira shi macuci. Gaban mutane za a wanke shi."

Na yi alwala na shiga sahu. Bayan sallama na nemi izinin liman, na tashi tsaye. Na ce ni ne Lawali mai gyaran intanet, ni na ba da shaidar da ta sa aka kori Malam Isyaku, kuma shaidar ba daidai ba ce. Masallaci ba shi da laifi, Alhaji alheri ya yi niyya, kuskuren na agogon da ban saita ba ne. Na tambaya ko akwai wanda zai kai ni gidansa. Liman ya ce ai ya bar garin tun lokacin da aka rufe layuka. Ya koma ƙauyensu, ƙauyen kuma daga baya ya watse. Wani ya ce ya ji yana Funtua, wani ya ce an gan shi a tashar Gusau, wani ya ce wajen Wanke, gidan 'yarsa.

Na raba wa masallacin batirinsa daban, na saita agogon, na duba sau uku. Alhaji bai sake kirana aiki ba, ni ma ban roƙa ba. Wasu a Gusau sun ji labarin sun koma wurin masu takarda. Su je. Daga baya dai Alhaji ya aiko Murtala ya ce in na samu tsohon in kawo shi, bencinsa na gadi na nan. Na je Funtua sau biyu, na je Wanke, na zagaya tashoshi ina tambayar masu shayi. Ban same shi ba.

To, samarin da ke cewa aikin kashewa ne da kunnawa, ku ji. Na ga yadda kuke yi yanzu, ku ɗauki hoton log ku tura wa waya ta fassara muku. Ba laifi, ta fi ni Turanci. Amma ba ta san lokacin da ake kiran la'asar a Tsafe ba, ba ta san wayar da ta bi ta taga ba, kuma ba ita za ta tsaya gaban dattijo yana tambayarta ko ta gan shi da ido ba. Kafin ku yarda da layi ɗaya, ku haɗa agogon akwatin da na hannunku. In mutumin wurin ya faɗi abin da ya saɓa wa rubutun, ku zauna har lokacin ya zo ku gani. Ba na jin kunyar aji shidana. Da shi na yi kuskuren, da shi kuma na gano shi, ba wani mai digiri da ya nuna mini.

Roƙona ga duk wanda ya karanta wannan, ko aka karanta masa: in kun san inda Malam Isyaku yake, wanda ya yi gadi a cibiyar kwamfuta a Tsafe, dogo, mai ɗingishi da ƙafar hagu da rediyo a wuya, ku bar saƙo wurin limamin masallacin da ke bayan cibiyar, ko ku tambayi Lawali mai littafi cikin masu gyaran kwamfuta a Gusau. In ya rasu, ku nuna mini 'ya'yansa, su ma suna da haƙƙin ji. In kuma yana raye amma ba ya son ganina, ban ga laifinsa ba. Ku dai gaya masa cewa huɗu saura kwata ne, yana wajen alwala, kamar yadda ya faɗa.